Hannayen Saveta

Saveta Moga ta bar garinsu Sibiu da baƙin gashi, ta dawo kanta ya yi fari fat. A tsakani akwai kusan shekara ashirin na Italiya, amma in ka tambaye ta yadda ƙasar take, sai ta ɗaga kafaɗa. Ba ƙasa ta gani ba, ɗakuna ta gani, masu rufaffun tagogi, masu warin magani da na fitsarin da aka yi ƙoƙarin dannewa da turare. Badanta ake ce wa irinta, mai jinyar tsoho a gidansa dare da rana. Tsofaffi huɗu ta yi wa hidima bi da bi, kuma dukansu ita ta rufe musu ido, domin in lokacin ya yi, 'ya'yan kullum suna kan hanya.

Ƙuruciyarta a masaƙar safa ta ƙare, har ranar da aka garƙame ƙofa da kwaɗo aka ce kowa ya kama gabansa. Mijinta Ilarie ya kama hanyar mashaya, hanyar kuwa ba ta sake shi ba sai da ta sada shi da makabarta. Ita ta ajiye ɗansu Dorin wajen kakarsa, ta hau bas. Da guminta yaro ya yi karatu, ya girma, ya tafi Jamus ya yi aure. Yana kiranta ranar Kirsimeti da ranar Ista, cikin ladabi, irin ladabin da ake yi wa ƙanwar uwa mai kirki.

Da ta dawo, ta sayi ɗan gida mai ɗaki biyu a saman wani tsohon bene, ta ce wa hannayenta sun yi ritaya. Ba su ji ba. Hannaye ne da suka san nauyin mutum daga hammatarsa, suka san zafin cokali tun bai kai baki ba, suka san yadda ake juya jikin da ya daina juya kansa. Watannin farko takan farka da asuba ta kasa kunne tana neman numfashin wani a ɗaki na biyu. Babu kowa a ciki sai akwatunanta.

A ƙofar coci ta haɗu da Horia Bunea. An tashi daga sujada, mutane suna turereniya, sai wani dogon dattijo ya ja baya ya ba ta hanya, ya cire hula.

"Na sumbaci hannunki, doamna," in ji shi.

Gaisuwa ce da kowane namiji mai tarbiyya yake yi wa mace, baki kawai ke faɗa. Shi kuwa sai ya sunkuya ya ɗauki hannun ya sumbata da gaske. Saveta ta tsaya kamar an dasa ta. A Italiya ba wanda ya taɓa ce mata doamna, wato uwargida. Ko sunanta ba su wahalar da kansu ba, Betta suka mayar da ita. Betta, ruwa. Betta, kunzugu. Betta, ina kika shige?

Tsohon malamin labarin ƙasa ne, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya Mirela tana aure a Austiriya. Daga ranar, duk Lahadi yakan raka ta har tashar bas, yana yi mata hirar duwatsu da koguna kamar yana ba da labarin danginsa. Tana saurare, tana jin wani abu yana motsi a ƙirjinta, abin da ta ɗauka ya mutu tun zamanin masaƙa. Idonta dai ya ga abin da ya gani. Ya ga ƙafar Horia ta dama tana ɗan jan ƙasa, ya ga hannun dama ba ya barin aljihun kwat. Ta ce wa idon ya yi mata shiru. Abu ɗaya take so kafin ƙasa ta rufe ta, wani ya so ta don ita, ba don abin da hannunta ya iya ba.

Da kaka ta shigo, ganye ya fara zuba, Horia ya gayyace ta cin abinci ranar Asabar a wani gidan abinci na babban dandali, inda lauyoyi da baƙi 'yan yawon buɗe ido suke ci.

Maƙwabciyarta Rafila ce ta rina mata gashi a kicin. Rafila mace ce mai faɗin ƙugu da faɗin baki, mijinta Gligor yana kwance ba lafiya shekara da shekaru.

"Zauna daidai mana, amarya, kada in rina miki kunne."

"Wace amarya? Abinci kawai za mu ci."

"Abinci! Ke, Saveta, namiji ba ya kai mace inda ake jera wa mutum wuƙa uku don ya yi mata bayanin koguna. Tsohon nan magana zai yi. Haƙoransa nasa ne?"

"Ban leƙa ba."

"Ƙarya kike, kin leƙa. Ke da ko gawa kika gani sai kin duba ko an yanke mata farce." Ta danna mata kai cikin kwano. "Ki ji ni da kyau. Hannayen nan ki ajiye su kan cinya. Yau ke za a yi wa bauta. Kada in ji kin tashi kina taya su kwashe kwanuka."

Rana ba ta gama faɗuwa ba ta iso dandalin, cikin shuɗiyar rigar da ta saya a Padova, can Italiya, ba ta taɓa samun inda za ta sa ba. Horia yana bakin ƙofa da furen wardi a hannun hagu. A ciki wani ya karɓi kwat ɗinta, wani ya ja mata kujera, har ta kai hannu za ta riƙe kujerar da kanta, ta tuna da Rafila ta fasa. Farin ƙyalle a kan tebur, kyandir a tsakiya, kofuna sirara kamar za su fashe in an yi musu tsawa. Irin teburin nan ta sha shirya shi a gidajen mutane, sannan ta koma kicin ta ci nata a tsaye. Yau ga ta a wancan gefen. Ta ɗora hannayenta kan cinya, ɗaya bisa ɗaya, kamar yara biyu da aka yi wa kashedi.

Aka zuba musu jan ruwan inabi. Horia ya ɗaga kofi da hagu.

"Lafiyarki, doamna Saveta. Rigar nan ta san wadda ta sa ta."

Ta ji kunnenta ya yi zafi kamar na budurwa.

Farantin farko ya iso, faffaɗa kamar faifai, a tsakiyarsa ɗan tuwon masara da bai fi fuskar agogon hannu ba, da ɗigon cuku, da ganye ɗaya a kai. Horia ya sunkuya ya dube shi da kyau.

"Da mahaifiyata ta ba kaza wannan, da kazar ta kai ƙara wajen magajin gari."

Saveta ta yi dariya har ta toshe baki. Ta manta rabonta da irin dariyar nan, mai fitowa daga ciki ba tare da an duba ko za ta ta da mai barci ba. Ya ba ta labarin kogin Olt, yadda ya huda duwatsu ya wuce kudu alhali duk ƙasar ta ce masa ba hanya. Ya ce, "Kogi ba ya tsufa, doamna, gaɓarsa ce ke zaizayewa." Ita ma bakinta ya buɗe. Ta fara ba shi labarin ranar da ta ga teku, sau ɗaya tak, ta tagar jirgin ƙasa, tana raka wata tsohuwa asibitin wani gari.

Tana cikin labarin aka kawo naman maraƙi, yanka mai kauri cikin romo mai duhu. Nama ba ya yankuwa da hannu ɗaya. Horia ya zaro hannun dama daga ƙarƙashin tebur, ya ɗauki wuƙa. Wuƙar ta fara buga faranti, ƙwas ƙwas ƙwas, kamar tsuntsu yana saran gilashin taga. Naman ya zame, romo ya fantsama kan farin ƙyalle. Wuyansa ya yi ja.

Sabo turken wawa. Saveta ba ta ko yanke labarinta ba. Bakinta yana kan teku, yana faɗin yadda ruwan ya yi launin kwano sabo, hannayenta kuwa suka tashi daga cinya ba sallama. Suka jawo farantinsa, suka yayyanka naman ƙanana ƙanana daidai lomar da ba ta shaƙe mutum, suka ware jijiya gefe, suka juya farantin suka mayar gabansa. Suka zare wuƙar daga hannun dama, suka sa cokali mai yatsu a hagu. Suka warware adiko suka soka masa a wuyan riga. Da ya kai lomar farko romo ya gangaro masa a haɓa, babban yatsanta ya riga ya isa wurin da gefen adiko.

"A hankali, a tauna sosai," in ji ta.

Da Italiyanci ta faɗa. Jin harshen nan a bakinta, da muryar nan mai laushin ƙarya da ake yi wa wanda ba ya iya wa kansa, shi ya farkar da ita. Ta dubi hannunta a kan haɓar mutumin da ya kawo mata fure. Ta so ƙasa ta tsage.

Ta ɗaga ido tana jiran ta ga kunya ko fushi a fuskarsa, irin na namijin da aka ƙasƙanta a gaban jama'a. Da ta ga haka, da ta ji sanyi. Abin da ta gani sauƙi ne. Kafaɗunsa sun sauka, fuskarsa ta saki kamar ta matafiyin da ya hango hasken gida.

"Mirela ta yi gaskiya," ya ce a hankali, yana tauna.

"Wace gaskiya?"

"Ta ce matan da suka yi Italiya, hannunsu daban ne."

Saveta ta ce a yi mata uzuri, ta tashi ta nufi ban-ɗaki. Ta tsaya gaban madubi ta sakar wa hannayenta ruwan sanyi. Jan bakin da Rafila ta shafa mata yana nan, gashin yana nan da sabon launinsa. Ƙofa ta buɗe, wata mata ta shigo, 'yar gayu mai zinariya a wuya, wadda ke zaune a teburin da ke kusa da nasu.

"Ki yi haƙuri, kada ki ce na cika shisshigi," in ji matar, tana murmushi. "Tun ɗazu nake kallon yadda kike kula da tsohon nan. Na ce wa mijina, dubi, irin wannan muke nema. Mahaifiyata ce ta karye a ƙugu, mun canja mata mata uku, duk ba su da haƙuri. Kullum kike wurinsa, ko kina da ranakun da ba kya aiki? Ko kina da wata abokiyar aiki da ta dawo?"

Saveta ta dube ta ta cikin madubi. Ga shuɗiyar riga, ga 'yan kunne, ga fure a kan tebur, amma matar nan ba ta ga ko ɗaya ba.

"Ba ni da rana," ta ce. Ta goge hannu ta fita.

Ta tarar ya cinye rabin naman, adikon yana wuyansa har yanzu. Ta zauna.

"Domnu Horia, a ina Mirela ta san ni?"

Bai ɓoye ba, ba mutumin ɓoye-ɓoye ba ne. Ya ce Mirela ce ta buga wa matar limamin coci waya tun bazara, ta tambaya ko a cikin masu zuwa sujada akwai wata mai hankali, marar miji, da ta dawo daga Italiya. Matar limamin ta nuna masa Saveta daga nesa.

"Amma ki saurare ni, doamna. Wannan farkon ne kawai. Da na zauna da ke, sai na ga ina jiran Lahadi kamar ɗan makaranta. Ban yi miki ƙarya ko sau ɗaya ba." Ya ajiye cokali. "Likita ya ce ciwon nan nawa a hankali yake tafiya. Ina da gida a ƙasa, ba hawa bene, da lambu, da bishiyar gyaɗar turawa da na dasa da hannuna. Ɗakin da rana ke shiga da safe naki ne. Ba 'yar aiki nake nema ba, Allah ya kiyaye. Aure nake nufi, a coci, a gaban kowa, da sunana a kanki."

Ta yarda bai yi ƙarya ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ta kuma san ciwon da yake cewa yana tafiya a hankali, ta raka mutum biyu a kan hanyar nan har ƙarshenta. Ta san tasharsa ta farko, inda maɓallin riga yake gagara. Ta san inda cokali yake gagara, da inda ƙafa take manne wa ƙasa a bakin ƙofa, da inda murya take shigewa ciki, da inda mutumin da ke ba ki labarin duwatsu yake kallonki bai san ko wace ce ke ba, yana zaginki don kin taɓa shi. Duk wannan ba shi ya tsorata ta ba. Da shi da kansa ya hango ta a ƙofar coci, ba nuna masa ita aka yi ba, da ta bi shi har can ba ta waiwaya ba.

"In tambaye ka abu ɗaya?"

"Ko goma."

"In ni na riga ka kwanciya fa? In ƙafata ce ta fara ƙi, wa zai juya ni? Wa zai yi mini wanka?"

Horia ya yi dariya, dariyar kirki, ta wanda ya ɗauka zai faɗi abin yabo.

"Ke? Haba, doamna Saveta! Ai ke ƙarfe ce. Me zai same ki?"

Ta jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Tambayar ba ta taɓa ratsa kansa ba, ba kuma ta ratsa kan Mirela ba, ko na matar limami. Kyandir ya yi ta cin kansa a tsakaninsu.

"Ka cinye namanka, domnu Horia," ta ce.

Aka tambaya ko za su sha wani abu mai zaƙi, ta ce ta ƙoshi. Da aka zo biya, ya ciro walat, hannun ya tashi da rawarsa, katin banki ya ƙi fita daga ramin fata. Mai kawo abinci ya tsaya yana kallon silin cikin ladabi. Saveta ta ji yatsunta suna zillo. Ta cusa hannayen biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu, ta kafa wa harshen kyandir ido, har ya gama kokawarsa shi kaɗai. A duk aikin da ta yi a duniya ba ta taɓa yin mai wuyar wannan ba.

A waje an yi yayyafi, matakalar dutse ta jiƙe. A nan ta kama masa gwiwar hannu, don ba ta iya tsayawa ta ga mutum ya faɗi, ko wane ne shi. Ta tsayar da tasi, ta ɗora tafinta bisa kansa kada ya bugi ƙarfen ƙofa, ta ɗaga masa ƙafar dama ta shigar.

"Ba ki ba ni amsa ba," ya ce daga ciki. "Sai Lahadi?"

"Allah ya ba ka lafiya, domnu Horia."

Ta rufe ƙofar. Furen ta bar shi a kan tebur, ba ta koma ba.

Washegari Rafila ta hau ta da faɗa tun daga bakin ƙofa.

"Gida mai lambu kika ƙi? A shekarunki? To wa kike jira, ɗan wasan fim? Wawiya kawai! Duk auren tsufa jinya ne. Ni da nake wanke Gligor safe da yamma, sarauniya ce?"

"Ke kin ci naman, Rafila, shi ya sa kike gwaguyar ƙashin. Kin yi rawa da shi, ya ɗauke ki a keke, ya mare ki, ya ba ki haƙuri. Ni ƙashin kawai aka ajiye mini, aka ɗaura masa fure."

"Ƙashi ma ana miya da shi."

"Na sha miyar, ta ishe ni."

Rafila ta yi tsaki, ta ce girman kai ba ya ɗumama gado. Saveta ba ta musa ba.

Horia ya buga waya sau da dama, ba ta ɗauka ba, har ya gaji. Ta koma wata cocin a ƙasan gari, inda ba wanda ya san inda ta yi rayuwarta. Hunturu ya zo ya yi tsawo. Dusar ƙanƙara ta rufe dandali, ta narke, ta sake rufewa. Dorin ya kira ranar Kirsimeti, ya tambaya ko tana bukatar wani abu, ta ce babu.

Da itatuwa suka fara toho ta gan su a lambun shan iska. Horia ya fara riƙe sanda, idonsa yana kan ƙafafunsa, bai gan ta ba. A gefensa wata mata ce gajera, mai sabon kwat da sabon zobe, tana tafe rabin taku a bayansa, tafinta a buɗe ƙarƙashin gwiwar hannunsa, ba ta taɓa ba, ba ta kuma janye ba. Tafiyar nan ta badanta ce, ba a coci ake koyonta ba. Matar ta ɗago, idonsu ya haɗu, kowacce ta gane 'yar'uwarta kamar yadda sojoji biyu kan gane juna cikin kayan gida. Matar ta ɗan sunkuyar da kai. Saveta ma ta sunkuyar. Ba ta iya cewa wace ce a cikinsu aka cuta ba.

Ta koma gida a ƙafa. Wajen hawa bene wani abu ya riƙe ta a tsakiyar baya, tsakanin kafaɗu, ya ƙi saki. Ta lallaɓa ta shiga, ta tuɓe riga, ta buɗe kwalbar man zafi. Ta kai hannu ta sama, bai kai ba. Ta kai ta ƙasa, bai kai ba. Ta tsaya jim a tsakiyar kicin, tana jin Rafila ta bayan bango tana yi wa Gligor tsiya tana ba shi abinci. Sannan ta ɗauko muciyar tuwo, ta naɗa tsumma a kanta, ta lakato man, ta shafa wa kanta.